'Yan Hayan Yaya

Yayana irin mutumin nan ne da idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara tambayarka me za ka yi da lokacin. Haka yake tun muna gida, haka yake a ofis, ni kuma Allah ya ɗora mini zama da shi a wuraren biyu. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni. Shi ne babba, ni ce auta, teburina yana kallon nasa, babu abin da ya raba mu sai wata firinta da ta mutu tun bara ya hana a jefar.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Shekara takwas ya yi yana tsaron sito a wata makarantar kwana, da tarin makullai a ƙugu da wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Tsintsiya ma ba ta fita daga siton nan sai ka rubuta sunanka da ajin da za a share. Malamai sun tsane shi, amma a shekara takwas ko cokali bai ɓata ba. Ya haura talatin ya sayi wata tsohuwar kwamfuta a hannun wani malami, ya zauna ya koya wa kansa rubuta manhaja daga littattafan da ake sayarwa a bakin titi. Mamarmu ta ɗauka taɓuwa ce. Har ta rasu, idan aka tambaye ta aikinsa, cewa take yi, "Yana nan yana danne-danne."

Aikinmu ba wani abin a zo a gani ba ne. Masu ɗakunan sanyi, wato masu kifi da masu madara da masu magunguna, suna so su san sanyin ɗakinsu ba tare da sun tsaya a ƙofa da ma'auni a hannu ba, kuma suna so a buga musu ƙararrawa idan ɗakin ya fara ɗumi. Matsalar ita ce kowane kamfanin da ke ƙera na'urar auna sanyi da irin yaren da na'urarsa ke yi. Shekara goma sha biyu da suka wuce Yaya ya rubuta babbar manhaja guda, irin wadda muke kira laburare, wadda duk sauran aikinmu ke zaune a kanta. Ita da kanta ba ta jin yaren kowace na'ura. Sai an rubuta mata ɗan ƙaramin tafinta, ɗaya ga kowace na'ura, an jona mata. Duk duniya filogin ake ce wa waɗannan ƙananan. Yaya 'yan haya yake ce musu, laburaren kuma gida, shi kuma ba sai na gaya maka ko wane ne ba.

To, duk lokacin da aka tayar da manhajar, dole gidan ya san su wa ke cikinsa. Yadda Yaya ya warware wannan shi ne fayil guda, layi arba'in da uku, kowane layi sunan ɗan haya ɗaya. Wanda ba ya cikin jerin, ko zinariya aka rubuta shi da ita, gidan bai san da zamansa ba. Kuma babu mai taɓa fayil ɗin sai shi.

Idan ka gama rubuta naka, akwai wata farar kujerar roba a gefen teburinsa. Nan za ka zauna. Zai karanta daga farko har ƙarshe, yana motsa baki, ya tambaye ka me ya sa ka sa wa wancan suna kaza, ya tambaye ka ko ka taɓa ganin na'urar da idonka ko a takarda kawai ka karanta ta. Idan ya gamsu sai ya buɗe jerin. Ba a ƙasa zai ƙara sunan ba kamar yadda kowane mai hankali zai yi. Sai ya yi ta hawa da sauka, ya zaɓi wani wuri a tsakiya ya cusa shi. Ka tambaye shi dalili, ya ce, "Nan ne ɗakinsa." Ni ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma nawa ya taɓa yin sati uku yana jiran ɗaki.

Da farkon shekarar nan na fara lura haruffan allon kwamfutarsa suna girma. Daga bakin ƙofa kana iya karanta abin da yake rubutawa. Wata rana ya zuba shayi a gefen kofi, ya goge da hannun riga yana kallona ko na gani. Na gani. Matarsa ce ta gaya mini sauran a waya, ta ce kada in ce ita ta faɗa: za a yi masa aiki a ido, likita ya ce bayan aikin sati shida aƙalla babu kallon allo. Kwana goma sha biyu suka rage. Mu kuma muna da sababbin masu ɗakunan sanyi biyu da ke jiran a jona musu na'urorin da ba mu taɓa gani ba. Wa zai sa su a jerin?

Da maganar aikin idon ta fito fili, Manaja ya tara mu a ɗakin da muke cin abinci, don shi ne kawai mai allon bango. Mu huɗu ne: shi, da Yaya, da ni, da Dogo, abokin aikinmu da ya fi kowa son riƙe alƙalamin allo. Dogo ya zana akwati uku. Na farko, a bar jerin yadda yake, a ba wani izinin taɓawa. Na biyu, a jefar da jerin, a ware folda guda, wato ma'ajin fayiloli, manhajar ta leƙa ciki da kanta ta ɗauki duk wanda ta tarar. Na uku, kowane ɗan haya ya zo da ɗan katinsa, ƙaramin fayil mai faɗin sunansa da na'urar da yake yi wa tafinta, manhajar ta karanta katunan.

Na ce na biyu. Layi talatin ne, kafin la'asar na gama.

Yaya ya ce, "Wato a cire ƙofar gida."

Na ce, "A cire kujerar roba dai."

"Duk wanda ya ga dama ya shigo ya kwanta."

"Yaya, folda ce, ba masauki ba."

Dogo ya ce shi yana ganin na ukun ya fi, amma aikinsa zai ci kwanaki, don sai an bi 'yan hayan nan arba'in da uku an yi wa kowane kati. Babu wanda ya saurare shi. Yaya ya naɗe hannu ya ce akwai hanya ta huɗu da ba a zana ba: a jira shi. Sati shida ne, ba shekara shida ba. Muka juya ga Manaja. Mutumin kirki ne, amma tsoron Yaya yake yi kamar ɗalibin da ya ɓatar da tsintsiya. Ya duba agogo ya ce, "Ku 'yan gida ɗaya ne, ku daidaita tsakaninku." Wallahi na ji kamar in jefe shi da murfin kular abinci.

Ban daidaita da kowa ba. Na koma teburina na rubuta layina talatin. Da na tayar da manhajar karon farko, sai ga duk na'urorin gwajin ofis suna nuna digiri huɗu cif, har wadda ke kan taga a rana. Ashe Dogo ya taɓa rubuta wani ɗan hayan ƙarya shekara biyu da suka wuce, mai amsa huɗu ko me aka tambaye shi, ya manta da shi a foldar. Jerin Yaya bai taɓa sanin da shi ba. Tawa manhajar kuwa ta rungume shi hannu biyu.

Yaya bai ɗago kai ba. Ya ce, "Wane ne wannan ya shigo mini gida?"

Na share na ƙaryar, na tsabtace foldar, na sake gwadawa da na'urori ukun da muke da su. Komai ya tafi daidai. Na ce a raina, to, abin da yake tsoro ke nan, an gani, an wuce wurin. Na sami Manaja a mota yana shirin tafiya, na ce ya bar ni in sa sabon tsarin a wuri guda kawai don gwaji. Ya ce Yaya ya yarda? Na ce mun yi magana. Ba ƙarya na yi ba, ai mun yi magana.

Ɗakin sanyin wani mai kifi na zaɓa, don shi ne mafi kusa, a ƙarshen layin masu walda. Kwana biyu ina duba alƙaluman daga ofis, suna zuwa lafiya lau, ba su taɓa kai digiri ɗaya ba. A rana ta uku da azahar na tafi da kaina, niyyata in ɗauki hoton allon in kawo wa Yaya in ajiye masa a kan tebur. Allon da ke bangon ofishin mai kifin yana nuna ɗaya da ɗigo ɗaya. Na ɗaga waya ke nan wani dattijo mai ɗaukar kaya ya fito daga ɗakin sanyin, rigar sanyinsa a kafaɗa maimakon a jiki.

Ya ce, "'Yata, ke ce mai na'urar nan? Ɗakin nan fa yau bai yi sanyi ba."

Na nuna masa allon. Ya kalli allon, ya kalle ni, ya ce shi dai bai yi boko ba, amma shekara ashirin yana shiga ɗakin nan, bai taɓa yin gumi a ciki ba sai yau. Na karɓi ma'aunin hannu na shiga. Goma sha ɗaya. Injin ya tsaya tun safe, ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka tun a digiri biyar ba ta ce uffan ba, don a wurinta ɗakin yana ɗaya da ɗigo ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa. Aka yi ta gudu da kwalaye zuwa ɗakin maƙwabci, ni ma na ɗauka, ruwan kifi yana bin hannuna har gwiwar hannu. Kwali shida ba su tsira ba. Mai kifin bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa kawai ya yi, "Ina babban? Shi na sani."

Na koma ofis ina ƙarni. Na tsaya a gaban teburin Yaya na faɗi komai. Ya ce wace na'ura ce a wurin. Na faɗa.

Ya ce, "Layi na sha huɗu da na sha biyar."

Sannan ya yi bayani, a hankali, kamar mai ba da labarin abin da kowa ya sani. Kamfanin da ya ƙera ta na'ura biyu ya yi, tsohuwa da sabuwa, kuma sallamarsu, wato yadda suke gabatar da kansu ga manhaja, iri ɗaya ce. Tsohuwar tana ninka lamba sau goma kafin ta aiko, don haka tafintanta yana rabawa da goma. Sabuwar tana aiko da lambar yadda take. Tafintan sabuwar yana da kunya, yana dubawa ya ga tasa ce kafin ya karɓa. Na tsohuwar kuwa duk wadda ta yi sallama tasa ce. Shi ya sa a jerin na sabuwar yake sama, a fara tambayarsa. Foldata kuma bin haruffa take yi, sunan tsohon ne ya zo farko. Ya kama sabuwar na'ura, ya raba goma sha ɗaya da goma.

Na ce, "A ina aka rubuta wannan?"

Ya ce, "A jerin mana. Ba ga shi a sama ba?"

"A ina aka rubuta dalilin, Yaya? Wa ya sani ban da kai?"

"Ai ina nan."

Nan raina ya gama ɓaci. Laifina ne, na sani, ni na ɗauki abin da ban gama fahimta ba na kai ɗakin mutane a ɓoye. Amma mutum ya riƙe abu irin wannan a kansa shekara da shekaru, ya kalle ni ya ce yana nan? Na ce, "Ranar Talata za a yi maka aikin, ba ka nan. Da Laraba, da sati shida bayanta. Da ni ka ba jerin ma, a ƙasa zan riƙa ƙara suna, wata rana in kashe wa wani magani ba kifi ba. Ba manhaja ka gina ba, sito ka sake ginawa ka rataye makullin a ƙugunka."

Dogo ya tashi ya fita sayen ruwa, alhali ga ruwa a gabansa.

Yaya ya cire tabarau ya riƙe. Da ya yi magana, muryarsa ba ta faɗa ba ce. Ya ce, "Likita ya ce na dama zai gyaru. Na hagu bai yi mini alkawari ba. Auta, idan abin nan ya iya tashi ba ni, me zan dawo in yi?"

Ban taɓa jin yayana ya ce yana tsoron wani abu ba, har ranar da muka binne mahaifinmu. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushin bai tafi ba. Na ja kujerar robar na zauna. Na ce ya fara daga layi na ɗaya.

Akwatin Dogo na uku muka ɗauka. Kowane ɗan haya da katinsa: sunansa, na'urarsa, da wanda dole a tambaya kafin shi. Yaya ya kafa sharaɗi ɗaya, kuma a nan na yarda ya fi ni gaskiya: idan biyu suka ce na'ura guda tasu ce, kuma katunansu ba su faɗi wa ke gaba ba, manhajar ta ƙi tashi sam, ta rubuta sunayensu ɓaro-ɓaro. Ya ce gara ta tsaya a ƙofa tana ihu da ta yi shiru tana ƙarya.

Kwana biyar muka yi yana faɗa ina rubutawa, kuma kada ka ɗauka ya sauƙaƙa mini. Layi na ashirin da biyu kaɗai ya ci minti arba'in, don sai da na ji yadda ma'aikacin da ya kawo na'urar ya yi hatsari da babur, da asibitin da aka kai shi, kafin a zo kan cewa na'urar tana jinkirin amsawa. Sau uku yana tsayar da ni don ya ce na sa waƙafi inda bai dace ba, mutumin da ba ya ganin allon sai ya kusa manna hanci. Da muka zo layi na talatin da ɗaya na ce me ya sa wannan yake can ƙasa. Ya ce babu dalili, wanda ya rubuta shi ne ya shigo bai yi sallama ba. Shekara bakwai ɗan hayan nan yana zaune a ƙasa saboda haka. Cikin layi arba'in da uku, tara ne kawai matsayinsu ke da dalili na gaske, amma kowane daga cikin taran nan zai iya yin abin da aka yi wa mai kifi.

Ranar Litinin da yamma muka gwada katunan da duk na'urorin da muka iya arowa, har da irin ta mai kifin, tsohuwa da sabuwa. Suka tafi daidai. Na ce saura a share tsohon fayil ɗin. Ya ce in share, shi zai je ya duba ko an rufe tagar baya. Ofishinmu ba shi da tagar baya da ake buɗewa.

Aka yi aikin. Sati shida ya zama bakwai. Kullum da hantsi sai wayar matarsa ta shigo, in ɗauka in ji muryarsa: "Wa ya shigo?" In ce babu kowa, Yaya, ka kwanta. Sababbin na'urori biyun nan ni da Dogo muka rubuta musu, muka yi musu kati, suka shiga ba gardama. Na gaya masa, ya sa na karanta masa katunan a waya kalma bayan kalma, ya ce to, ba laifi, amma da shi ne da ba haka zai sa sunan ba.

Ya dawo wata Alhamis da safe, ni na ɗauko shi. Na daman ya gyaru tas. Na hagun haske kawai yake gani da inuwa. Manaja ya rungume shi, Dogo ya goge masa tebur. Ya zauna, ya kunna kwamfuta, ya tayar da manhajar, ya matso yana ƙirga sunayen da suka fito da yatsa.

Ya ce, "Arba'in da shida. Arba'in da biyar na sani."

Na gaya masa. Wani ma'aikaci ne a wani kamfanin madara, a wani gari can da ba mu taɓa zuwa ba. Sun sayi na'urar da ba mu da tafintanta, ya karanta bayanin da muka rubuta, ya yi nasa, ya yi masa kati, ya aiko. Ni da Dogo muka duba muka karɓa. Sati biyu ke nan yana aiki.

"Kin san shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Bai nemi kowa ba?"

"Bai buƙata ba, Yaya."

Ya ce in buɗe masa. Na buɗe, na ƙara girman haruffan. Ya rufe na hagun da tafin hannu, ya fara daga layin farko yana motsa baki. Na koma teburina ina yi kamar ina aiki. Na san me yake nema, kuma Allah ya sani, ni da na yi shekaru ina faɗa da mutumin nan, a ranar roƙo nake yi ya samu, ko da waƙafi ne guda. Ya kai ƙarshe, ya koma sama ya sake. Ya yi sama da awa ɗaya.

Sannan ya sauke hannunsa ya ce, "Babu kuskure."

Na ce, "To ai abin farin ciki ne."

Ya ce haka ne. Ya kashe allon, ya lalubi jakarsa a ƙarƙashin tebur, ya ce, "Auta, idan ba ki da aiki da yawa, ki mayar da ni gida."

Ƙarfe goma sha ɗaya ne na safe. Na ɗauki makullin mota.